Akwatin Maigida da Wayar Ɗaliba

Shekara da shekaru muna riƙe da wani akwatin ƙarfe a zauren Maigida, nan Madagascar, daura da Briqueterie. Cike yake da wasiƙun ajami na kakanninmu fatake da takardun bashin goro. Damunar Yawunde ba ta da tausayi: laima ta ci gefen wasu, tawada ta dusashe.

Bara wata ɗiyarmu mai neman digiri na uku a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, can Ngoa-Ekellé, ta roƙi iznin ɗaukarsu hoto da waya. Mun yi jinkiri, domin a cikinsu akwai sirrin gidaje da basukan da ba a biya ba. "Baba," in ji ta, "takarda ba za ta bar zauren nan ba."

Abin da muka gani ya ba mu mamaki. Sai ta faɗaɗa hoto a kwamfuta har ɗigon da ya ɓace wa idonmu ya bayyana, ta gwada hannun marubuci da rubutun Hausa na taskar ajamin Jami'ar Boston ta intanet, ta ba kowace takarda lamba. Amma na'ura ba ta yi makarantar allo ba. Mu muka riƙa karanta mata, tana naɗar muryarmu, tana komawa kai da dare, har ta fara kama mu da kuskure.

Sharaɗin Maigida biyu ne: a sakaya sunayen masu bashi, kuma kwafin hotuna ya zauna wurinmu. Wasiƙu uku har yau ya hana a ɗauka.