Ɗauki Biyu

A Kankiya muka koyi karta, a rumfar wani tela, bayan la'asar. Wot muke bugawa, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a 1935 amma ta zama 'yar gida a wajenmu. Wanda ya riga ƙarar da katunan hannunsa shi ya ci, don haka muguntar wasan duk ta ƙari ce. Ka jefa 2, na kusa da kai ya ɗebi biyu a kasuwa. Ka jefa 5, ya ɗebi uku. In 14 ce, kowa ya tafi kasuwa sai kai.

Wani hutu sai ga yaro daga Kusada ya zo gidan kawunsa. Ba shi da surutu, amma kwana uku yana cinye mu. Abin ya yi mana ciwo, baƙo a rumfarmu! Sai muka haɗa baki: mu sa shi a tsakiya, mu riƙa ɓoye 2 da 5 dominsa kaɗai, mai ita ya sosa kunne.

Mun manta cewa kasuwa ba ta zaɓar abin da za ta ba mutum. Cikin katunan da muke labta masa akwai 2, akwai 20 mai sauya wasa. Sai ya yi shiru, hannu cike kamar mafici, ya dawo mana da su ɗaya bayan ɗaya.

Da muka girma muka ga wani wasan Turawa, Dominion, na 2008, inda kowa ke gina tarin katunansa. Akwai katin mayya da ke cusa wa abokan wasa katin la'ana: ba ya sayen komai, yana rage maki, yana tare wurin kati mai amfani duk sanda ya faɗo hannu. Muka kalli juna. Irinsa muka so a rumfar tela, nauyin da ba ya komawa kan mai shi.

Shi kuwa yaron, ranar da ya gane sosa kunnen, bai yi faɗa ba. Ya kife katunansa a tabarma, ya ce, "Ku ƙarasa, ai ku ukun kun isa." Da ya tafi muka buɗe su. Saura biyu ne, kuma ɗaya 20 ce.

Har yau mukan haɗu a tashar Kankiya, mu gaisa, mu tambayi iyali. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen karta.