Gidan Kakanmu Ba Ya Yankuwa

Gidan kakanmu yana cikin birnin Kano, kusa da Kasuwar Kurmi: zaure ɗaya, ɗakuna bakwai, da rijiya a tsakar gida. Mahaifinsa ne ya saya, a zamanin da ake ƙulla ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, a raba goro, shi ke nan. Takardarmu 'yar guntuwa ce da rubutun ajami, har gara ta ci gefenta.

Da kakan ya rasu, magada goma sha ɗaya ya bari. Lissafin ba wuya, mun yi shi a darasin Fiƙihu: matarsa tumunin takaba, ɗa namiji rabon mata biyu. To amma wa zai yanka tumunin rijiya? Sai aka ce a sayar a raba kuɗi.

Mai saye shaguna yake son ginawa. Tambayarsa ta farko ita ce, ina satifiket? Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni amana ne a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma sai da yardarsa take komawa hannun wani. Da ya ga ajaminmu, sai ya karya farashi.

Baffannina sun amince, dama kowa na da gidansa a Hotoro ko Rijiyar Zaki. Ni Gwaggo nake tausayi. Shekara talatin tana ɗakin jikin rijiya tun rasuwar mijinta, kuma rabonta ko fili a bayan gari ba zai saya mata ba. Har yau ba ta dangwala yatsa ba.