Masu Kasa Kunne a Ƙarƙashin Teku

Woods Hole ƙaramin gari ne a gaɓar Tekun Atlantika, a jihar Masachuset ta Amurka. Da ƙafa ma ka zagaye shi, amma sunansa ya cika duniya saboda cibiyar binciken teku da aka kafa can a 1930.

A wani ɗakin aiki na cibiyar na ga abin da ya kai ni: na'ura rawaya mai fukafukai biyu, tsawonta kamar na mutum. Ana kiranta Slocum, sunan mutumin da ya fara kewaya duniya shi kaɗai a jirgin ruwa. Ba farfela ke tura ta ba. Takan zuƙi ruwa ta yi nauyi ta nutse, ta fitar da shi ta taso, fukafukan kuma su mai da wannan hawa da sauka ya zama tafiya gaba. A haka take makonni a teku ba hayaniya, shi ya sa take jin abin da ƙarar injin jirgi ke dannewa.

Abin da take saurare shi ne kukan kifin wel, ƙaton nan mai shayar da 'ya'yansa nono. Masanin teku Mark Baumgartner da abokan aikinsa sun sa mata kunne da kwamfuta mai bambance kukan wannan jinsi da na wancan. Bayan 'yan sa'o'i takan leƙo saman ruwa ta aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ƙwararru su tantance.

Lamarin na gaggawa ne. Akwai wani jinsin wel da a ƙiyasin 2023 bai wuce kimanin 370 ba a duniya, jiragen ruwa na banke su, igiyoyin masunta na sarƙe su. Tun 2020, in aka tabbatar da kukansu a wani yanki, hukuma kan roƙi matuƙa su rage gudu zuwa kusan kilomita 19 a awa har kwana 15.

Tsallaken ruwa kaɗan ga New Bedford, birnin da ya yi arziki da man wel a ƙarni na 19. A gaɓar da aka yi ta farautar dabbar nan, yau ilimi da dukiya ake zubawa don a san inda take a ba ta hanya. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin tausayin halittar Allah da ya kai ga rage wa jirgin kasuwa gudu, tausayi ne na gaske.