Gadin Tsoho Da Dare

Hausawa na cewa dare mahutar bawa. Gaskiya ne, amma akwai gidajen da wannan magana ba ta shiga cikinsu ba, watau gidajen da a ke jinyar tsoho wanda gigin tsufa ya kama. A irin wannan gida rana ta fi sauƙi, gama akwai idanu da yawa. Sai dare ya tsala, kowa ya kwanta, sa'an nan aiki ya ke tashi. Nufina a nan in bayyana wa mai karatu waɗansu na'urori da a ke kafawa cikin gida don su taya mutum wannan gadi, da amfanin da na gani gare su, da kuma inda iyakarsu ta tsaya.

Da fari ya kamata mu san ciwon. Mutanenmu su kan ce tsufa ne kurum, waɗansu su ce jifa ne ko iska. Likitoci kuwa sun tabbatar cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kuwa kowane tsoho ta ke kamawa ba. Irin da ya fi yawa, wani likita Bajamushe mai suna Alois Alzheimer ya bayyana shi cikin 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mace da ta rasu da ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi su ke. Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi. Cikin ɓarnar da ya ke yi har da rikita wa mutum lissafin dare da rana, shi ya sa ruɗewa ta kan ƙaru da almuru, barci kuma ya yi ta yankewa.

Baffana, wan mahaifina, shekara huɗu ke nan yana hannuna da wannan lalura. Mutum ne wanda ya tsufa bai saba rasa jam'in asuba ba. Yanzu ƙarfe biyu na dare ya kan tashi ya lalubi buta, ya nufi zaure, a zatonsa an yi assalatu. To, ga rijiya a tsakar gida, ga kwata a ƙofar gida, ga titi gaba kaɗan. Tsohuwa kuwa hatsarinta ya fi haka, domin an sha tsintar irinta da sassafe ta ɓace hanya, ta kasa faɗin ko sunanta, jama'a su taru suna ce mata mayya.

Dabarun da a ka sani tun da can uku ne. Ko a rufe ɗakin da kwaɗo, ko wani ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ko a rataya ƙararrawa jikin ƙyaure. Kwaɗo hatsari ne ran da gobara ta tashi, ga kuma baƙin cikin ka ji wanda ya yi maka waliyyi yana bugun ƙofa kamar ɗan sarƙa. Mai tabarma kuwa ɗan Adam ne. Ni aikin akawu na ke yi, ƙarfe takwas ina bakin tebur, wanda bai runtsa ba kuwa lissafi ba ya zauna masa. Ƙararrawa ita ce dama-dama, sai dai tana firgita tsohon, in kuma barci ya yi nauyi ba a jinta daga ɗaki mai nisa.

Na'urorin da na kafa iri uku ne. Ta farko ta ƙofa ce, guntaye biyu, kowane bai kai ɗan yatsa ba. Ɗaya, mai mayen ƙarfe a ciki, a kan manna shi jikin ƙyaure, ɗayan kuma a gefen ƙofa daura da shi. Muddin suna kusa da juna shiru ne. Da an buɗe ƙofa sun rabu, sai saƙo ya tashi. Ta biyu a kan kafa ta bisa bango, tana jin ɗumin jikin mutum in ya gifta ta gabanta, ko da cikin baƙin duhu ne. Ta uku shimfiɗa ce siririya da a ke sawa ƙarƙashin katifa, ita nauyi ta ke ji, da an ɗaga ta sani. Dukansu da batir su ke aiki, suna aika labari ta iska zuwa wani ɗan akwati, shi kuma ya buga wa wayar hannu.

Gwaninta duka a wajen tsara su ta ke. Na tsara kada su ce kome sai daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba. In Baffa ya tashi daga gado, wata 'yar fitila ta kan kama da kanta don ya ga hanyar bayan gida, ba a tada kowa ba. In minti 10 ya wuce bai koma ba, wayata ta yi ƙara. In kuwa ƙofar zaure ce ta motsa, nan take ta ke ruri, tawa da ta babban ɗana. Ta haka na ke samun barci, shi kuma ya ke samun ikon yin abin da ya ke iyawa da kansa, ba mai tsaye a kansa.

Mai sayar da kayan ya ba ni shawara in haɗa da kamara cikin ɗakin, na ƙi. Dattijon da bai taɓa yarda ƙanensa ya gan shi ba hula ba, yaya za a yi ɗan ƙanen ya zauna yana kallonsa yana sake tufafi? Ciwo ya ɗauke masa ikon cewa i ko a'a, saboda haka wajibi ne mai riƙonsa ya tuna abin da zai ce da yana cikin hayyacinsa. Abin da na ke bukata in sani shi ne ya tashi ko ya fita. Abin da ya wuce wannan sirrinsa ne.

Wani amfanin kuma sai ma'aikacin ofis zai fi gane shi. Akwatin nan yana rubuta kowane motsi da lokacinsa, kamar littafin shiga da fita. Da na kai wa likita lissafin wata guda, sai ya ga fitsari ke fara tada Baffa, sa'an nan tunanin masallaci ya biyo baya. Ya ce a bar ba shi shayi bayan magariba, a rage masa barcin rana, a riƙa fita da shi ya sha hantsi. Ya kuma ce in tashin ya ƙaru farat ɗaya a kawo shi, gama ciwon mafitsara ko wani zafi da tsoho ya kasa faɗa ya kan ninka ruɗewa.

Amma kada mai karatu ya ɗauka an gama. Wutar lantarki ta kan ɗauke, don haka akwatin na bukatar batir ko sola. Intanet ta kan yanke, gara a sami irin wanda ke kaɗa ƙararrawa cikin gida ko babu ita. Kyanwa ma ta kan gifta ta tada mutum a banza, wanda kuwa a ka tasa sau biyar a banza, na shida ba zai tashi ba. Maganin wannan shi ne a gyara wa na'urar mazauni. Kowace Jumma'a na kan bi su ɗaya ɗaya in gwada. Kuɗinsu kuma ba kowane gida ke da shi ba. Wanda bai samu ba, ya rufe rijiya, ya bar fitila kunne, a raba kwanan gadi tsakanin 'yan'uwa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babban abin lura shi ne na'ura ba ta tashi, iyakarta ta tasa. In waya ta yi ruri, sai an sami mutum ya sa takalmi, ya riski tsohon a zaure, ya rusuna ya ce, "Sannu Baffa, da sauran dare tukuna. Mu koma ciki, in lokaci ya yi ni da kaina zan raka ka." Gardama ba ta da amfani a nan, sai lallashi, wanda kuma ya sami barci shi ke iya lallashi. Wannan shi ne haƙiƙanin abin da na saya da kuɗina: barcin da zai bar mini haƙuri in tsaya gaban Baffa da fuska a sake. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya ba mu masu tashi dominmu ran da namu ya zo.