SABON BADUN: INDA ASWAKIN AREWA YA HAƊU DA NA KUDU

Duk baƙon da ya sauka birnin Badun ya nufi Mokola, ba zai rasa jin Hausa tana tashi ba, domin nan kusa ne unguwar Sabo take, wadda aka keɓe wa Hausawa tun cikin 1916. Fataucin goro da na shanu su ne suka kafa ta. Amma akwai wata ƙaramar haja da ke bin waɗannan manya ba tare da an lura da ita ba, watau aswaki.

Da asuba, kafin hasken rana ya bayyana, sai ka ga mutane sun yi sahu bakin masallaci, kowa da buta a gaba da ɗan ice a baki. Ga Musulmi yin aswaki sunna ce, ga Bayarabe kuwa al'ada ce ta kaka da kakanni. Saboda haka a wannan unguwa itatuwan ƙasa biyu suka haɗu a faifai guda.

Daga Arewa ake kawo farar saiwar nan mai ɗan yaji da aka fi sani da aswaki, wadda itacenta ke son busasshiyar ƙasa irin ta wajen Tafkin Chadi. Akwai kuma reshen darbejiya mai ɗaci, da marke, wanda Yarbawa ke kira ayin. Daga kurmin Kudu kuwa ake samun icen namijin goro, da wani mai tauri da suke kira pako Ijebu, da saiwar fasaƙwari, wadda su ke ce wa orin ata. Wanda ya tauna wannan ta ƙarshe zai ji harshensa yana zuga, bakin kuma ya ɗan mutu na wani lokaci, shi ya sa masu ciwon haƙori ke nemanta. Mai son ganin waɗannan a jibge dami-dami sai ya gangara kasuwar Bode, inda mata masu sayar da saiwoyi suka san kowane ice da sunansa.

Masana ma ba su raina abin ba. A cikin 1971, masu binciken haɗa magunguna na Jami'ar Ife, cikinsu har da Abayomi Sofowora, sun gwada irin waɗannan itatuwa, suka tarar wasunsu na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. A wajen wannan aiki ne aka lura cewa fasaƙwari na da wani tasiri a kan jinin masu ciwon sikila.

To, sai dai kowane abu da iyakarsa. Aswaki yana kankare dattin da ke liƙewa a haƙora, muddin an tauna bakinsa ya yi laushi, an bi haƙora ciki da waje, an kuma yanke tsohon baki a kai a kai. Kanumfari da kurkurar ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zogi. Amma babu icen da ke cike kogon haƙori in ya riga ya rube. Yawan dirza gawayi ko toka kuwa yana cinye farin haƙorin, wanda ba ya sake tsirowa. Kumburin da aka yi ta danne shi da saiwa yana iya gangarawa muƙamuƙi da wuya, har ya kai ga hallaka.

Mutanen Sabo sun yi sa'a, gama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da su, kuma yana da sashen haƙori. Magabata sun ce rigakafi ya fi magani. Aswaki rigakafi ne; ranar da haƙori ya hana barci, likita ake nema.