RANAR DA GIWAN RUWA YA TSINKE MINI ZARE A TIGA

Wata biyu cur na yi a ɗaka tun da aka mayar da kayan sa ranata, ko biro na kasa ɗauka balle in ci gaba da littafin da nake rubutawa. Ran nan da asuba sai Yaya ya leƙo ya ce, "Ke, tashi ki ɗauko mayafinki, Tiga za ki raka ni fatsa." Na ce, "Yaya ni da ko a kasko tsoron kifi nake?" Ko kallona bai yi ba.

Muka ɗauki hanyar Zariya, muka wuce Kura da Kadawa, shinkafa ko'ina kore shar. Yaya ya ce duk albarkacin ruwan Tiga ne, dam ɗin da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ni dai da muka isa baki na saki, don ruwa ne iya ganinka, ga duwatsu sun yi tsiri-tsiri a cikinsa, ga iska mai sanyi tana kaɗa mayafina.

Wani dattijo masunci ne ya ɗauke mu a kwalekwalensa. Ya soka ƙaramar karfasa mai rai a ƙugiya, ya ce giwan ruwa ba ya kula tana, ɗan uwansa kifi yake ci, kuma gindin dutse yake laɓewa. Ya miƙo mini zaren. Awa uku, 'yan uwa! Rana ta take, ƙafata ta yi tsami, ba a magana sai da raɗa. Yaya ya raɗa wa dattijon cewa a Amurka masu kamun wani kifi da ake kira bas sukan kama shi su auna, su mayar da shi ruwa. Baba ya riƙe haɓa ya ce, "Abincin? Lallai ƙoshi ya yi musu yawa."

Ai bai rufe baki ba na ji an fizgi hannuna kamar za a cire shi. Na ƙwalla ƙara. "Sakar masa, 'yata! Kada ki ja, bar shi ya gaji!" In ja kaɗan, in saki, zaren yana yankar yatsana ban ma sani ba. Can sai ga shi ya yi tsalle sama, fari tas yana ƙyalli, baki wangame yana girgiza kai. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka ba. Ya koma ya nufi duwatsu, sai ji na yi zare ya saki, fayau.

Na zauna ina haki, sai dariya ta kuɓuce mini, irin wadda na manta rabona da ita. A lokacin na lura tun da zaren nan ya motsa ko sau ɗaya wancan mutumin bai faɗo mini a rai ba. Da a hannu aka miƙo mini kifin, da tuni an soye an cinye, ina nan yadda nake.

Baba ya ce shi ma waɗanda suka kuɓuce masa ya fi tunawa, amma fa yara ba sa cin labari. Muka sayi tarwaɗa biyu a wurinsa. Da Umma ta tambayi wa ya kama, Yaya ya nuna ni, ta dubi tsumman da ke ɗaure a yatsana ta ce, "To masunciya, zo ki wanke abinki."