LISSAFI KO KWAMFUTA: WANNE ZAN CIKE?

'Yan uwana mata, musamman ƙannena da ke ajin ƙarshe na sakandare. Duk shekara in aka fara sayar da fom ɗin JAMB, sai ku ga yarinya mai ƙoƙari ta rasa inda za ta sa kanta: Lissafi za ta cike ko Kimiyyar Kwamfuta? Ni ma na taɓa shiga wannan ruɗani, shi ya sa na ce bari in ba ku labarina ko wata ta ƙaru.

Ni 'yar Kwanar Dangora ce, nan inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya. Baba manomin masara ne, kuma tun farko ya kafa mini sharaɗi. Ya ce, "Sau ɗaya zan biya kuɗin jarrabawar nan. In kin ci, ki tafi da albarkata. In ba ki ci ba, ga masu nemanki nan suna zarya." Kun ga ke nan ba ni da damar gwaji.

Nan fa gida ya rabu. Yayana mai sana'ar POS a bakin titi ya ce, "Kwamfuta za ki cike, ita ce da kasuwa." Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Ke 'yar nan, lissafi ai ƙarshensa alli ne, mace da lissafi kuma sai ta bushe." Umma kuwa tambayarta ɗaya: wanne ya fi saurin ƙarewa? Na ce duka shekara 4 ne. Wanda ke nemana a lokacin cewa ya yi in zaɓi duk wanda ba zai kai ni nesa ba.

Malaminmu na lissafi ne ya warware mini. Ya ce fannonin nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu suna son Turanci da Lissafi a JAMB, kuma a shekarar farko kusan darussa ɗaya ake yi. Kimiyyar Kwamfuta ba buga takardu ba ce kamar yadda muke gani a shago. Tsara wa na'ura matakan aiki ne ɗaya bayan ɗaya. Kalmar "algoridim" da suke kiran matakan ma daga sunan Al-Khawarizmi aka samo ta, masanin lissafin da ya yi zamani a Bagadaza shekaru fiye da 1,000 da suka wuce. Cibiyar kwamfuta ta ABU Zariya sunan Farfesa Iya Abubakar aka sa mata, shi kuwa malamin lissafi ne. Wato wadda ta gudu kwamfuta don tsoron lissafi, can za ta tarar da shi yana jiranta.

Sai ya ba ni aiki biyu. Na farko, in rubuta matakan ba da canji a shagon Yaya, ban tsallake ko ɗaya ba, yadda ko ƙaramin yaro zai bi. Na biyu, in duba: 1 da 3 sun ba da 4, a ƙara 5 a sami 9, a ƙara 7 a sami 16. Me ya sa kullum amsar lamba ce da aka ninka da kanta? Ya ce, "Wanda ya hana ki barci, shi ne naki."

Na farkon na gama shi kafin la'asar, na ji daɗinsa. Na biyun kuwa wallahi har sha biyun dare ina jera ƙwayar gyaɗa a faifai, sai da na ga yadda kowace lamba ke zagaye gefe biyu na murabba'i ta ƙara masa girma. Umma ta leƙo ta ce, "Lafiyarki kuwa?"

Akwai kuma maganar aljihu, kada a ɓoye. Mai kwamfuta tana buƙatar na'urarta da wutar caji tun da wuri, mai lissafi biro da takarda sun fara isarta. Na cike Lissafi a Jami'ar Bayero, Allah Ya ba ni. A aji uku na sayi kwamfuta ta hannu, na fara koyon Python. Ƙawata da ta fi son haɗa abu ta ga yana aiki ta cike Kwamfuta a jami'ar Wudil, kuma ba ta yi nadama ba.

Maganar Gwaggo kuwa, ku sani Grace Alele-Williams, mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya a 1985, malamar lissafi ce. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta karɓi lambar Fields, babbar kyautar lissafi ta duniya, a 2014. Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lambobi.

Ƙanwata, kada ki zaɓi fanni don sunansa ya yi daɗi a bakin ƙawaye, ko don saurayi ya ce. Ki gwada kanki da aikin kowanne, ki zauna da iyayenki ku lissafa kuɗin, ki yi istihara, sannan ki cike. Ke za ki zauna a ajin shekara 4, ba su ba.

Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri, amin. Wassalam.